Zuciyar Labaran Direba

To jama'a, ku gyara zama, wanda ke tsaye ya nemi gefen tabarma. Yau ba tatsuniyar dabbobi na zo muku da ita ba. Labarin mutum ne irinmu, kuma a ƙarshensa akwai shari'ar da ku za ku yanke. Saboda haka kowa ya kasa kunne, kada a zo wajen gardama wani ya ce akwai inda bai ji ba.

A garin Funtuwa an yi wani direba ana ce masa Malam Labaran. Bas ta haya yake ja tsakanin Funtuwa da birni, tun yana saurayi har furfura ta cinye masa gemu. 'Yan tasha sun laƙaba masa suna Ba-gudu, domin ko hanya ta miƙe fetal babu kowa a kanta, ba ya taka mota ta wuce yadda ya saba. Mata masu goyo da tsofaffi sukan ƙyale motar da ke kan layi, su zauna jiran tasa. Abin alfaharinsa guda ne a duniya, kuma yakan faɗe shi ko ba a tambaye shi ba: tunda ya kama sitiyari bai taɓa taka ko akuyar wani ba.

Wata safiya yana tsaye gaban motarsa yana duba mai da ruwa, sai ya ji kamar an ɗora masa buhun masara a ƙirji. Zufa ta karyo masa, ciwon ya gangara hannun hagu, ya hau muƙamuƙi. Abokan aikinsa suka kwashe shi zuwa asibitin garin, daga can aka tura shi babban asibiti a birni. Likitoci suka ce ɗaya daga cikin jijiyoyin da ke kai wa zuciya jini ce ta toshe. Suka yi abin da za su yi, Allah Ya sa da sauran shan ruwa a gaba, Malam Labaran ya tashi.

Kafin a sallame shi aka yi masa awo iri biyu, waɗanda aka saba yi wa duk wanda irin wannan ciwo ya kama. A na farko an manna masa wayoyi a ƙirji, na'ura ta zana yadda zuciyarsa ke bugawa a kan takarda, na ɗan lokaci kaɗan. A na biyu an ɗauki hoton zuciyar tana aiki, don a ga ƙarfin da take matsa jini da shi. Duka biyun suka fito da kyau. Aka ce masa zuciyar ta ji rauni, amma da sauran ƙarfinta, ya je gida ya huta, ya riƙe shan magani. Malam Labaran ya yi hamdala. Tun yana kan gadon asibiti hankalinsa ya riga ya koma tasha.

To, a nan ne mace ta farko ta shigo labarin.

A sashen masu ciwon zuciya akwai wata likita, Dakta Bara'atu, mace mai ƙarancin magana. Ita wannan awo iri biyu bai taɓa kwantar mata da hankali ba, kuma tana da dalili. Inda jijiya ta toshe, naman zuciya yakan mutu ya bar tabo. Zuciya kuwa da wata 'yar wuta take aiki, wadda ke bi ta cikinta tana ba ta umarnin bugawa. Wani lokaci idan wutar nan ta zo kan tabo sai ta ɓata hanya, ta hau kewaye wuri guda. Daga nan zuciya ta bar bugawa ta koma makyarkyata, jini ya tsaya, mutum ya yanke jiki ya faɗi yana tsakiyar magana. Dakta Bara'atu ta sha sallamar mutane da takarda mai kyau a hannu, bayan 'yan watanni iyalansu su zo su gaya mata an yi rasuwa, ba ciwo ba jinya. Kowane ɗayansu tana riƙe da fuskarsa.

Akwai maganin abin. Wata 'yar na'ura ce ake dasa wa mutum a ƙarƙashin fatar ƙirji, ta zauna tana gadin zuciya, da zarar ta rikice sai ta fizge ta da wuta ta dawo da ita kan hanya. Sai dai asibitin 'yan kaɗan gare shi, kuma ƙa'ida ta ce a ba wanda hoto ya nuna zuciyarsa ta yi laushi ƙwarai. Irin su Malam Labaran, masu sauran ƙarfi, ba sa cikin lissafi. Alhali daga cikinsu ne ake yawan yin mutuwar nan ta farat ɗaya.

Shekaru Dakta Bara'atu ta yi tana bin wannan al'amari, ita da wasu abokan aikinta da masana kwamfuta. Suka yi ta tara zanen bugawar zuciyar mutane, na waɗanda suka rayu da na waɗanda suka faɗi, suna gwama wannan da wancan, har suka soma gane wasu alamu da ido ba ya kamawa. Akwai zuciyar da bugu ɗaya ke saɓa wa na bayansa da ɗan abin da bai kai gashin gira ba. Akwai wadda ba ta sauya taki, ko mai ita yana kwance ko yana hawan tudu. Akwai wadda takan ɓalle da gudu na ɗan ƙiftawa, ta dawo, mai ita bai ma sani ba. Suka kuma lura cewa waɗannan abubuwa ba kullum suke fitowa ba, don haka awon wuni guda ba ya isa, sai an yi makonni ana sauraro. Suka tsara hanyar da mutum zai tafi gida da wata ƙaramar na'ura a jikinsa, tana ɗaukar kowane bugu, daga baya kwamfuta ta tace. Manyanta a wurin aiki wasu sun yarda, wasu sun ce a bari tukuna a ga abin da zai haifar. Ba ta yi fushi ba, ba ta kuma bari ba.

Ranar da Malam Labaran ya koma a duba shi, ita ya tarar. Ta karanta takardunsa, ta tambaye shi sana'arsa. Da ya ce shi direban haya ne, sai ta ajiye biro.

Ta ce, "Baba, ina so ka tafi da wata na'ura a jikinka na 'yan makonni."

Ya ce, "Likita, ai an ce awona ya yi kyau."

Ta ce, "Ya yi kyau. Amma kai da ka san mota, idan ka tayar da ita a tasha ka ji inji lafiya lau, ka san abin da za ta yi idan ta ɗauki kaya ta kama hawa?"

Ya ce, "Sai an hau hanya."

Ta ce, "To, haka nake so in ji zuciyarka, a kan hanya."

Kunyarta ya ji, ya amsa. Aka manna masa filasta a ƙirji, kowace da 'yar wayarta, aka haɗa su da wani ɗan akwati da bai fi na ashana girma sosai ba. Aka nuna masa yadda ake sauya filastar da yadda ake ba akwatin wuta. Shi kansa yana can yana tunanin wa ke jan motarsa. Wadda ta saurara da kyau ita ce matarsa, Kubura, da ke zaune a gefe da jakar magunguna a cinya.

Ita ce mace ta biyu.

Kubura ba ta yi boko mai nisa ba, kuma ba ta fahimci zancen wuta da tabo duka ba. Abin da ta riƙe shi ne, likita ta ce idan filastar ta saki jiki, na'urar ba ta jin komai, kuma duk wunin da ba ta ji ba ya tafi a banza. Lokacin kuwa bazara ce, irin wadda mutum ke fitowa daga wanka yana zufa. Ba a daɗe ba filastar ta soma saki. Inda ta zauna kuma sai ƙaiƙayi da ƙuraje. Malam Labaran ya leƙa tasha don gaisawa, abokan wasansa suka hango waya ta leƙo ta wuyan riga, suka ce Ba-gudu an sa masa rediyo, a murɗo musu tashar labarai. Ya yi dariya a gabansu, amma da ya dawo gida ya fizge abin gaba ɗaya ya jefa a kan kwaba, ya ce shi ba mota ba ne da za a yi masa wayarin.

Kubura ta ƙyale shi. Ta bari ya ci abinci ya huce, ta ɗauko reza da ruwan ɗumi, ta aske gashin ƙirjin, ta wanke wurin, ta bari ya sha iska, ta mayar da filasta sabuwa, ta ɗan gusa da ita daga inda fata ta yi ja, yadda aka nuna mata. Washegari ya sake cirewa, ta sake mayarwa. Ta yanko ƙyalle mai laushi daga wani tsohon zaninta ta ɗinka wa akwatin 'yar jaka mai igiya, yadda zai kwanta a ƙarƙashin riga ba mai gani. Idan rana ta take, ya kwanta a rumfa, sai ta bar aikinta ta zauna da mafici tana yi masa fifita don kada zufa ta ɓata mata aiki. Idan an ɗauke wuta, ta yafa mayafi ta kai akwatin gidan maƙwabta masu sola, ta zauna a jira ba ta hira, ta dawo da sauri.

Mutumin da bai saba zama ba, ga ciwo, ga an hana shi gishiri da soyayyen nama, sai ya zama mai saurin fushi. Duk abin da ya rasa inda zai sauke, a kanta yake saukewa. Ta haɗiye. Da makonnin suka cika, aka ce a mayar da akwatin, ya ce shi ya gama da mutanen asibiti, lafiyarsa ƙalau, wanda ya matsu ya kai. Kubura ta ƙulle shi a gefen mayafinta, ta shiga mota ita kaɗai, ta je birnin da ba ta san hanyoyinsa ba, tana tambaya tana tafiya, har ta danƙa shi a hannun Dakta Bara'atu.

Kwamfuta ta tace abin da akwatin ya ɗauko, ta ɗaga alamar haɗari. Dakta Bara'atu ba ta tsaya a kan maganar kwamfuta ba. Ta zauna da kanta ta bi zanen, wuni bayan wuni, har ta ga abin da idonta. Mafi yawan kwanakin shiru ne, zuciya lafiya lau, irin wadda ko wane likita zai sallama. Amma can wajen ƙarshen makonnin, ga ɓallewar nan ta gudu, sau da dama, kowace ta fi ta baya tsawo. Da an tsaya a awon wuni guda, ko da an cire na'urar tun makon farko, babu abin da za a gani. Ta kwashi zanen ta je gaban manyan da ke raba na'urar dasawa. Suka ce hoto ya nuna zuciyar mutumin nan da ƙarfinta, ga wasu a layi da ƙa'ida ta riga ta ba su. Ta ce ba ta nemi a cire kowa ba, a dai kwantar da shi a yi masa bincike na ƙarshe, idan ta yi kuskure a ɗora a kanta da kan aikinta na shekaru. Suka amince. Ko ofishinta ba ta koma ba, a tsaye a baranda ta kira wayarsa.

Ta same shi yana cikin farin ciki, domin ƙungiyar direbobi ta mayar da shi layi, washegari da safe zai yi lodinsa na farko tun da ya kwanta. Ta gaya masa abin da ta gani, ta ce ya zo gobe, kuma kada ya kuskura ya tuƙa mota. Ya ce to, Likita, in Allah Ya so. Da ya kashe wayar sai ya yi nasa lissafin: ai hanya ɗaya ce. Ya ɗauki fasinjansa, ya sauke su a birni, ya wuce asibiti. Wa ya cuta?

Bai san Kubura tana bakin ƙofa tana tsince shinkafa ba, duk abin da likita ta faɗa a kunnenta.

Da gari ya waye ya yi wanka, ya sa rigarsa mai kyau, ya kai hannu kan ƙusar da yake rataye makullin motarsa, ya ji wayam. Ya duba aljihu, ya ɗaga matashi. Ya fito tsakar gida ya tarar da ita zaune da mayafinta da jakar magunguna, ta shirya tsaf. Ya tambaye ta, ta ce makulli yana wurinta. Ya lallaɓa, ta ƙi. Ya ɗaga murya. Ya gaya mata maganganun da tun ranar da aka kawo ta gidansa bai taɓa gaya mata irinsu ba, har maƙwabta suka yi tsit a bayan katanga.

Ta ce, "Malam, faɗi duk abin da ke bakinka, ina ji. Makullin nan dai ba zai bar haɓar zanina ba. In ka ga dama ka sallame ni, amma a asibiti za ka rubuta takardar."

Haka Malam Labaran ya shiga motar wani abokin aikinsa da ta kusa cika, ya zauna a kujerar baya kamar kowa, abin da rabonsa da yi tun yana yaro. Har suka isa birni bai dubi inda take ba.

Da hantsi suka sauka a ƙofar asibiti. Ya yi gaba yana sauri don kada su jera, tana biye da shi. Daidai wurin masu sayar da lemo da ayaba ya tsaya, ya kai hannu zai dafa katanga, hannun bai kai ba. Ya zube ƙasa kamar an zare masa ƙashi.

Mutane suka taru. Wani ya kwara masa ruwa, wani yana yi masa fifita da kwali. Wani dattijo ya duƙa ya duba, ya girgiza kai, ya soma salati, ya ce a samo abin rufawa. Kubura ta durƙushe a gefensa.

A nan mace ta uku ta zo.

Sunanta Rahila, ma'aikaciyar jinya ce a sashen yara. Ta tashi daga aiki ke nan, ta sauya kaya, har ta shiga keke mai ƙafa uku za ta gida. Ga tsohon ciki gare ta, ƙafafunta sun kumbura, likitanta ma ya ce ta rage tsayuwa. Ba ta san Malam Labaran ba, ba majinyacinta ba ne, babu wanda zai tambaye ta in ta wuce. Ta ce wa mai keke ya tsaya. Ta ratsa taron, ta durƙusa a kan tsakuwa, ta sa yatsu a wuyansa, ba ta ji komai ba.

Ta dubi Kubura ta ce, "Mama, me ke damunsa?"

Kubura ta ce, "Zuciya ce. Likita ta ce takan ɓalle da gudu, shi ya sa ta kira mu."

Jin haka Rahila ta san abin da ake ciki, ta kuma san abin da za ta aika a kawo. Ta nuna maigadi da yatsa, ta ce ya ruga sashen gaggawa ya ce zuciyar mutum ta tsaya a bakin ƙofa, su zo da na'urar wuta. Ta kama rigar nan mai kyau ta keta ta har ƙasa, ta ɗora hannu a kan hannu a tsakiyar ƙirjinsa, ta soma dannawa da dukkan nauyinta.

Dattijon nan ya ce, "Baiwar Allah, ki bar bawan Allah ya huta, ya riga ya cika."

Ba ta ɗago ba ta ce, "Baba, bai cika ba tukuna. Ku matsa ku ba shi iska."

Wanda bai taɓa gani ba ba zai san wahalar aikin nan ba. Ƙato ma idan ya yi shi na ɗan lokaci sai hannunsa ya mutu. Ga shi ba a tsayawa, domin hannun mai dannawa shi ne ke tura jini zuwa ƙwaƙwalwa a madadin zuciya, idan aka tsaya ko an farfaɗo da mutum daga baya, ba shi ba ne zai tashi. A duk taron babu wanda ya iya da zai karɓe ta. Ta ji haƙarƙari ya yi ƙara a ƙarƙashin tafinta, ta ci gaba. Tsakuwa ta huda mata gwiwa, mararta ta ɗaure, zufa na zuba a kan ƙirjin mutumin, ta ci gaba. Tana cikin haka mutanen gaggawa suka iso a guje. Aka manna masa na'urar, aka ce kowa ya janye hannu, aka sakar masa wuta. Jikinsa ya zabura, zuciya ba ta amsa ba. Rahila ta koma dannawa. Aka sake. Wannan karon da ta sa yatsu a wuyansa sai ta ji abu yana motsi, a hankali, amma daidai. Aka ɗauke shi a gadon turawa. Ita kuma da ta yunƙura za ta tashi ta kasa, sai da aka kama ta, aka kwantar da ita a ɗakin masu ciki har washegari. Allah Ya tsare, abin da ke cikinta bai samu komai ba.

Malam Labaran ya farka a wani ɗaki mai sanyi, ƙirjinsa kamar an yi masa sussuka. Kubura na zaune a gefen gado. A hankali aka ba shi labari. Bayan ya ɗan yi ƙarfi aka dasa masa na'urar nan mai gadi, babu wanda ya sake kawo zancen ƙa'ida.

Abin da ya fi girgiza shi ba faɗuwar ba ce. Lissafi ya yi irin nasu na direbobi. Da shi ya ja motarsa a ranar, sai ya jira ta cika, ba zai bar tasha da wuri kamar wadda suka shiga ba. Ke nan a daidai lokacin da ya zube, da yana tsakiyar hanya, hannunsa a kan sitiyari, bayansa cike da mata masu goyo da tsofaffin da suka ƙi motar wani suka jira tasa. Ya juya fuska ga bango ya yi kuka irin na manya, wanda ba a jin sauti. Da ya gama ya ce, "Kubura, ki yafe mini." Ta ce, "Na yafe tun a mota." Ta kwance haɓar zani ta ajiye masa makullin a kan durowa. Ya dube shi, ya ce ta ba Ashiru, ɗansu na tsakiya, shi ya gama.

Da aka sallame shi bai wuce gida ba sai da aka kai shi ofishin Dakta Bara'atu. Ya yi ta sa mata albarka har ta sunkuyar da kai. Ya nemi gidan su Rahila, ya je da kaji da buhun gero, ya gaisa da mijinta, ya ce daga yau yana da 'ya a gidan nan. Ƙungiya ta ba shi kujera a tasha, yana kula da layin motoci, yana yi wa samarin direbobi faɗa a kan gudu. Bayan wasu watanni, yana zaune yana alwala, ya ji kamar jaki ya harbe shi a ƙirji, buta ta faɗi. Na'urar ce ta yi aikinta. Ya zauna ya huta, ya sake alwalar, ya shiga sahu. A asibiti kuwa aka soma ba wasu masu irin ciwonsa ɗan akwatin nan su tafi da shi gida.

Ana nan, damina ta kewayo, matar Ashiru ta haihu, aka samu 'ya mace. Ashiru ya zo ya durƙusa gaban mahaifinsa ya ce, "Baba, kai za ka yi mata huɗuba, kuma sunan da ka zaɓa shi ne sunanta." Aka miƙo masa jaririyar a cikin zani. Malam Labaran ya karɓe ta, ya dubi 'yar fuskar da saura kaɗan ya bar duniya bai gan ta ba. Nan take ya ƙudura cewa sunan wadda ta ceci ransa za ta ci. Ya buɗe baki, sai ya tarar da sunaye uku a kan harshensa. Ya mayar da yarinyar, ya ce a ba shi zuwa gobe.

Ya kai maganar tasha, tasha ta rabu.

Wasu suka ce Bara'atu. Ita ta hango abin da babu wanda ya hango, lokacin da takardu suka ce lafiya. Shekarun da ta yi tana bin wannan ilimi, da tsayuwar da ta yi gaban manyanta, su suka sa aka san akwai haɗari. Ba don ita ba, babu akwatin da Kubura za ta riƙe, babu kiran da zai kai shi ƙofar asibiti inda Rahila take. Aka ce musu, ai ilimin nata da a kan kwaba zai ƙare, ƙura ta rufe shi.

Wasu suka ce Kubura. Ita ta mayar da filasta duk ranar da aka cire, ita ta kai akwatin da ƙafarta, ita ta sa aurenta a kan faranti saboda makulli. Ba ran mijinta kaɗai ta tsare ba, har da na mota guda. Aka ce musu, duk da haka a gabanta ya faɗi, kuma da ita da likitar babu wadda ta iya tayar da shi a wannan lokaci.

Wasu suka ce Rahila. Likita majinyacinta ne, Kubura mijinta ne, ita kuwa ba ta haɗa komai da shi ba, ga ta da nata ran biyu da za ta ji wa tsoro. Sauran biyun mai rai suka yi wa aiki, ita kuwa wanda aka soma nema wa mayafi ta dawo da shi. Aka ce musu, da ya faɗi a hanya ko a tsakar gidansa, ina za ta gan shi, kuma wa ya gaya mata abin da za ta aika a kawo?

Wani mai son sulhu ya ce a haɗa mata duka ukun mana. Malam Labaran ya ce yarinya ce, ba mota ba ce da za a yi mata lodi. Suna ɗaya ake raɗawa a kunne.

Gobe ta zama jibi, har ranar suna ta zo. Ga shi an sayi rago, an raba goro, mata sun soma daka, liman yana jiran a gaya masa abin da zai sanar. Malam Labaran yana zaune a ƙofar gida, kowace ya tuna sai ya ji ita ce.

To jama'a, ga shari'a a gabanku. Tsakanin Bara'atu da ta hango, da Kubura da ta tsare, da Rahila da ta tayar, wace ce ta fi cancanta yarinyar nan ta ci sunanta?